Kafson bitamin A da ƙullutun da kika ji a nono

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu, na yaye autana wata takwas da suka wuce. Bara aka gano sankarar mama a jikin yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da shekara 44. An cire mata nono ɗaya, yanzu tana karɓar allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Wata uku ke nan ina wanka na ji wani ƙullutu a nonona na hagu, ta wajen hammata. Girmansa ya kai kan ɗan yatsa, kuma ba ya ciwo. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. A wani zauren mata na WhatsApp aka turo cewa rashin bitamin A ne ke kawo wannan ciwo, wai Turawa sun yi bincike sun tabbatar yana kashe shi. Wata maƙwabciyata mai aikin rigakafi ta samo min jan kafson nan da ake ɗiga wa yara, ina shan ɗaya duk Juma'a, yau sati shida, ga ruwan karas kullum. Ƙullutun yana nan, kuma kwanan nan kaina na yawan ciwo, leɓɓana na tsagewa, gashina na zuba. Ba na tsarin iyali. In ci gaba ne ko in ƙara yawansa? Zan iya kai wa yayata ita ma? Ina tsoron asibiti, don an ce daji ba ya son ƙarfe. Ƙanwarki ce daga Funtuwa.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yayarki lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya yaye miki wannan fargabar da kike kwana da ita ke kaɗai wata uku cur.

Ki ajiye kafson nan daga yau. Kada ki ce bari in ƙarasa ragowar da ke hannuna, kada kuma ki kai wa yayarki ko guda. Cikin satin nan ki je asibiti, ki faɗa wa likita abu biyu: ƙullutun da kika ji, da abin da kika sha da yawansa. Ko nan kika tsaya da karatu, kin samu abin da ya fi muhimmanci. Sauran bayanin don zuciyarki ta natsu ne, ki kuma samu abin da za ki mayar wa duk wanda ya sake kawo miki zancen.

Na san kafson da kike nufi. Ja ne mai ɗan tsini, ma'aikaciya ta datse tsinin da almakashi ta matse man a bakin yaro. Akwai shuɗi mai awo 100,000 na IU, wato ma'aunin da ake auna yawan bitamin da shi, na jarirai 'yan wata 6 zuwa 11. Jan kuwa 200,000 ne, na yara daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, kuma sau ɗaya ake bayarwa duk wata huɗu zuwa shida. A wurinsa alheri ne babba. Tun binciken da likitan ido Alfred Sommer ya yi a ƙauyukan Aceh na Indunusiya, wanda aka buga a 1986, duniya ta gane cewa yana rage mutuwar ƙananan yara a inda abinci ya gaza, ga kare ido daga dundumi da makanta. Amma babbar mace abin da jikinta ke buƙata a rana bai wuce 2,300 ba da wani abin kirki, iyakar da masana suka ce kada a tsallake kuwa 10,000 ce a rana. Kafso ɗaya ke nan buƙatar kusan wata uku. Shida da kika sha, na kusan shekara ɗaya da rabi kika ɗura wa jikinki cikin sati shida.

Kuma bitamin A ba ya bin fitsari ya fita kamar bitamin C. A cikin mai yake narkewa, hanta ce ke tara shi, kamar rumbun da ake ta zuba wa hatsi ba a ɗiba har ya fara tsagewa. Idan ya yi yawa, alamunsa su ne waɗannan da kika lissafa: ciwon kai, bushewar fata, tsagewar leɓe, zubar gashi, wani lokaci tashin zuciya da ciwon ƙashi. In aka daɗe a kai yana lalata hanta, yana kuma raunana ƙashi. Likita zai duba ki, ya sa a yi gwajin jini na hanta. Abin farin ciki, yawanci in an daina sha alamun kan lafa a hankali. Sai dai idan ciwon kan ya tsananta, ya zo da amai ko kika fara ganin abu bibbiyu, kada ki jira wayewar gari.

Maganarki ta cewa ba kya tsarin iyali ita ta fi tayar min da hankali a wannan ɓangaren. Bitamin A mai yawa yana taɓa halittar ɗan tayi a satuttukan farko, lokacin da mace ba ta ma san ta ɗauka ba, kuma fuska da zuciya da ƙwaƙwalwa ya fi shafa. A 1995 masu bincike a Jami'ar Boston suka bibiyi masu juna biyu sama da 22,000. Cikin waɗanda ke shan ƙwayar da ta haura 10,000 a rana, kusan jariri ɗaya cikin 57 ya zo da nakasar da aka danganta da bitamin ɗin. Don haka ki yi gwajin ciki tun kafin ki je, ko ki nemi a yi miki a can. In babu, ki tambayi likita tsawon lokacin da ya kamata ki dakata kafin ɗaukar wani. In akwai, kada ki firgita ki yanke wa kanki hukunci, ki bari a duba ki a bi cikin da awo da hoto.

Saƙon da aka turo muku a WhatsApp yana da tushe, shi ya sa yake da saurin shiga rai. An ɗauki farkon labari ne aka bar ƙarshensa, ni kuma ina so ki ji shi gaba ɗaya.

Jiki yana sarrafa bitamin A ya zama wani sinadari da ke umartar ƙwayoyin halitta su girma su kama aikinsu, su daina hayayyafa barkatai. Sankara kuwa hayayyafa ce da ta ƙi tsayawa. A ɗakin gwaji, idan aka zuba wannan sinadari a kan ƙwayoyin sankarar mama da ke cikin faranti, sukan rage yaɗuwa. Sannan a shekarun 1980, a birnin Shanghai na ƙasar Sin, likita Wang Zhenyi da abokan aikinsa suka ba masu wani nau'in sankarar jini maganin da aka samo daga dangin bitamin A, aka ga abin mamaki: ciwon da ke kisa cikin 'yan makonni ya lafa. Har yau da shi ake maganin wannan nau'in, kuma yana cikin sankarorin da aka fi warkewa daga gare su. To wa zai ga haka bai sa rai ba? Likitocin mama ma sun sa.

Wanda ya fi kowa bin zancen shi ne Umberto Veronesi, babban likitan tiyata na birnin Milan a Italiya. Daga 1987 ya tara mata kusan 3,000 da aka riga aka yi wa aikin sankarar mama tun tana matakin farko. Rabi aka ba su wani magani mai suna fenretinaid, ɗan'uwan bitamin A da aka haɗa a masana'anta, kullum har shekara biyar. Rabi ba a ba su ba. Ana son a ga ko zai hana wata sabuwar sankara fitowa. Da aka fitar da sakamako a 1999, in aka haɗa matan duka babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. An ga alamar amfani a wurin waɗanda ba su daina al'ada ba, an kuma ga alamar akasin haka a wurin waɗanda suka daina. Ki lura da abu uku a nan. Matan nan sai da aka cire musu ciwon da wuƙa tukuna. Abin da aka ba su magani ne na daban, ba kafson yara ba, har ma rage bitamin A yake yi a jini, shi ya sa wasu cikinsu suka yi fama da dundumi. Kuma yau sama da shekara 35 da fara gwajin, bai shiga cikin magungunan da ake rubuta wa mai sankarar mama ba. Da ya yi abin da aka yi fata, da babu asibitin da zai rasa shi.

Ɗaya tushen zancen daga abinci ne. Karas da kabewa da manja da ganyaye suna ɗauke da sinadaran launi da ake kira karotin, waɗanda jiki ke juya wasunsu su zama bitamin A daidai buƙatarsa. A 2012 masu bincike na Jami'ar Harvard suka haɗa manyan nazarce-nazarce takwas, suka kwatanta jinin mata kusan 3,000 da suka kamu da sankarar mama da na wasu kusan 4,000 da ba su kamu ba, jinin da aka ɗiba tun suna lafiya. Waɗanda jininsu ya fi yawan karotin, haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Labari ne mai daɗi, ni ma ina jin daɗinsa. Amma macen da jininta ke cike da karotin mace ce mai cin ganye da 'ya'yan itace, galibi ba ta da ƙiba sosai, ba ta shan taba, tana motsa jiki. Da wuya a ware a ce ga abu ɗaya da ya kare ta. Kuma magana ce ta rage haɗari ga mai lafiya, babu inda aka ce yana narkar da ƙullutun da ya riga ya fito.

Da aka ce to bari a ɗure sinadarin a ƙwaya a ba mutane a gani, sai lissafi ya rushe. A Amurka an ba wani rukuni cikin mata kusan 40,000 ƙwayar beta-karotin, ɗaya daga cikin karotin ɗin nan, na kimanin shekara biyu, ba a ga ta rage sankara ba. A ƙasar Finlan aka gwada ta a kan maza masu shan taba su 29,000, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin masu shan ƙwayar. Wani gwajin a Amurka da ya haɗa beta-karotin da bitamin A, a kan mutum 18,000 masu haɗarin sankarar huhu, dole aka dakatar da shi a 1996 kafin wa'adinsa, don sankarar ta ƙaru da kashi 28 cikin 100, mutuwa ma ta ƙaru. Wannan shi ne ƙarshen labarin da ba a turo muku ba.

Game da yayarki, hantarta a yanzu tana fama da aikin tace kemo, bai kamata a ƙara mata kaya ba. Akwai kuma wani nazari a Amurka da aka buga a 2020, kan mata sama da 1,100 masu karɓar kemo na sankarar mama. Waɗanda ke shan ƙwayoyin bitamin A, C, E da karotin kafin kemo da lokacinsa, an ga alamar ciwon ya fi dawo musu. Shi ya sa likitocin sankara ke cewa kada a sha komai, na kemis ko na gargajiya, sai an nuna musu. In kina son taimakonta, ki dafa mata abin da za ta iya ci ranar da bakinta ya ɗaci, ki raka ta ranar allura, ki ɗauke mata wankin yara.

Yanzu ƙullutun. Ina ganin, Allah ya sani, ba bitamin A ne ya kawo ki wurina ba. Kin ga abin da yayarki ta shiga, kin ga tabon aikin, kin ga gashinta ya zube, sai zuciya ta nemi wata ƙofa da ba ta asibiti ba. Ba laifinki ba ne, kowace mace za ta ji haka. Amma sati shida na kafso sati shida ne da ba a duba ki ba.

Ki riƙe wannan: mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a nono, kusan takwas cikin goma, ba sankara ba ne. Akwai ƙari marar illa mai zillewa a ƙarƙashin yatsa, akwai jakar ruwa, akwai nonon da ya taru ya daskare bayan yaye, kuma ke ba ki daɗe da yaye ba. Sai dai hannu ba ya rarrabewa, naki ko nawa. Rashin ciwo kuma ba shaidar lafiya ba ne, sankarar mama a farkonta yawanci shiru take yi, kuma wajen hammatar nan da kika ambata nan ta fi fitowa. Wadda 'yar'uwarta ta jini ta kamu, haɗarinta ya kusa ninka na sauran mata. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta daɗe tana bincike tsakanin Ibadan da Chicago, ta nuna cewa a wurin matan Najeriya ciwon kan zo da ƙuruciya, kuma sau da yawa nau'i mai saurin yaɗuwa. Don haka shekara 36 ba ta sa a ce kin yi ƙanƙanta.

Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 suka kamu a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar da ganowa. Babban abin da ya raba mu da su shi ne lokacin zuwa: yawancin matanmu sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, bayan an sha jiƙe-jiƙe an yi shafe-shafe, wani lokaci har ya fashe. Daga nan ne zancen "daji ba ya son ƙarfe" ya samo ƙarfi. An kai mace a makare, an yi aiki, ta rasu bayan 'yan watanni, sai dangi su ce wuƙa ce ta tayar da shi, alhali ya riga ya kai huhu ko ƙashi tun tana gida. Allurar da ake ɗibar tsoka da ita don gwaji ba ta watsa sankara. Jinkiri ne ke ba ta hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman maganin a wurin waɗanda suka san shi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma addu'a tana nan tare da ke har cikin ɗakin likita.

Abin da za ki tarar bai kai yadda kike zato ba. Likita zai duba nonon biyu da hammata da hannu, kina da damar neman mace ko a tsayar miki da ma'aikaciya a ɗakin. Za a tura ki hoto, a shekarunki galibi irin wanda ake yi wa masu ciki ne, a shafa man nan mai sanyi a goga na'ura, ba zafi, kuma ko da juna biyu ba ya cutarwa. In an ga dalili, a ƙara da mamogiram, wato hoton nono na X-ray. Sannan a kashe wurin da allura, a ɗebi 'yar tsoka siririya a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin tsoka shi ke yanke hukunci. Kada ki yarda a ce miki "ba komai" da ido kawai a ba ki maganin ƙwayoyin cuta ki koma gida, kada kuma ki yarda a yanke ƙullutun a wani ƙaramin wuri a jefar ba tare da an kai shi gwaji ba. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi miki nisa ba, ga kuma na Malam Aminu Kano. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, ki nemi takardar tura ki sashen tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a kammala duk binciken nan cikin kwana 60 daga zuwan mace na farko, ke kuwa kin riga kin ci wata uku a gida, saboda haka ki riƙa bibiya, kada ki ji kunyar tambayar yaushe sakamako zai fito.

In ma abin da muke gudu ne, Allah ya kiyaye, ƙullutu mai girman kan yatsa ba ɗaya yake da wanda ya cika nono ba. Sau da yawa ƙarin kaɗai ake cirewa a bar nonon, a bi da gashin na'ura da magani. Ki kuma tambayi sashen walwalar marasa lafiya game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, sankarar mama na cikin waɗanda yake ɗauka.

Ki gaya wa maigidanki yau da daddare, bayan yara sun kwanta. Ba sai kin yi dogon bayani ba: na ji wani abu a jikina, ina so ka kai ni a duba. Kuɗin mota da na hoto da izinin fita duk za su bi ta hannunsa, ɓoyewar tana ƙara miki kwanaki ne kawai. In kina jin nauyi, ki sa wata babba da yake girmamawa ta yi masa maganar.

Abinci kuwa ki ci abinki. Miyar taushe da kabewa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, alayyahu, dankalin Hausa mai jan ciki, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya zo. Ki sa ɗan mai, don da mai karotin ke shiga jiki. Manja yana cikin abubuwan da suka fi komai yawansa, amma in kika bar shi a wuta har ya yi hayaƙi jan ya washe, kin ƙone amfanin. Ruwan karas ba zai cuce ki ba, iyakacinsa tafin hannu ya yi ruwan ɗorawa in an yawaita, ya kuma koma daidai in an rage. Hanta ce kawai zan ce ki dakata da ita a 'yan watannin nan, ta tsire ko ta miya, domin irin bitamin A na cikin kafson ne ke cikinta. Tun 2002 ma doka ta sa ana ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa na kamfani a Najeriya, shi ne tambarin idon nan da kike gani a jikin leda. Shayarwar da kika yi wa 'ya'ya huɗu tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage haɗarin wannan ciwo, kusan kashi 4 cikin 100 a kan kowace shekara ta shayarwa, haka motsa jiki da kiyaye ƙiba.

Ranar da za ki tafi, ki riƙe kafso ɗaya ki nuna wa likita, ki tuna ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, ki kuma roƙi yayarki kwafin sakamakon gwajin tsokarta, domin sanin nau'in ciwonta da shekarun da ta kamu zai taimaka wa mai duba ki. Ki faɗi duk wanda kika sani a dangin uwa ko na uba da ya yi sankarar mama ko ta ƙwan mace. In kuna da wasu 'yan'uwa mata, ki tambaya musu daga wace shekara ya kamata su fara zuwa a duba su. Ki sake rubuto min in sakamako ya fito, ina jira. Allah ya sa mu ji alheri.